Mu Ma Mu Karance Su

Laccar da aka gabatar a taron shekara na ɗaliban sashen tarihi

   

Ɗalibai ne suka zaɓa mini batun yau, kuma cikin sigar tambaya suka aiko shi: me ɗan Kano ko 'yar Sakkwato za su ƙaru da shi in sun kwashe zango guda a jami'a suna karatun tarihin Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashen da ke magana da Ingilishi? Na san wasunku sun riga sun yanke hukunci, kwas ne da ake haddace shi don jarrabawa, a fita a zubar a bakin ƙofa. Ban ga laifinku sosai ba, don wannan ƙyamar tana da asali, kuma daga asalin zan fara.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan take. Can ake sa hannu a manhaja, digirin ma na can ne. Ɗalibin tarihi na wancan zamani zai jero maka matan Sarki Henry na Takwas su shida ba gargada, ka tambaye shi Muhammadu Rumfa ya yi ta sosa ƙeya. Abin da ake kira tarihin Afirka kuwa, labarin Turawan da suka shigo ta ne: wane ya bi Kwara har bakin teku, wane zazzaɓi ya kayar a hanya. Har a 1963 Hugh Trevor-Roper, mai riƙe da babbar kujerar tarihi a Oxford, yana faɗa a bainar jama'a cewa Afirka ba ta da tarihin da ya isa a koyar, in ban da na Turawan da ke cikinta.

Malamanmu suka karya lagon wannan magana da aiki. Kenneth Dike ya fito da littafinsa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta a 1956, shi ne kuma ya tsaya tsayin daka har aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya kafa sashen tarihi a Zariya a 1962, daga baya ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu ya rubuta tarihin Daular Sakkwato daga takardun Larabci na masu daular. Yusufu Bala Usman ya yi na Katsina, ya kuma koya wa ɗalibai su riƙa tuhumar kowace takarda, ta Bature matafiyi Barth ce ko ta malamin fada. Sun ci nasara, a inuwarsu muke zaune.

Amma nasarar ta bar mana wani giɓi. Da muka sauke tarihin Ingila daga kan karaga, sai muka tura shi bayan ɗaki gaba ɗaya. Yau a takardun jarrabawa Bature mutum ɗaya ne mai fuska ɗaya: ya faɗo daga sama a 1903, ya kafa haraji, ya hau jirgi a 1960. Ba a tambayar daga wane gida ya fito, wa ya aiko shi, wa ke jayayya da shi a can, da kuɗin wa ya zo. Mun zama kamar mai leƙen dambe ta hudar zana, yana ganin hannun da ya sauka, ba ya ganin ƙafar da ta turo shi. Abin da nake so mu yi shi ne abin da su suka yi mana: sun zauna sun karanci sarautunmu da kasuwanninmu da rigingimunmu na cikin gida, har suka san wanda ba ya ga maciji da wane. Mu ma mu karance su haka, a matsayin wata al'umma ta can nesa mai kabilu da yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin da take gaya wa kanta.

Su wane ne ma waɗannan ƙasashe? Wanda ya fi yayata wannan laƙabi shi ne Winston Churchill, da littafinsa mai juzu'i huɗu kan tarihin al'ummomin da ke magana da Ingilishi, wanda ya fito tsakanin 1956 da 1958. A wurinsa ana nufin Ingila da 'ya'yanta farare: Amurka, Kanada, Ostireliya, New Zealand. Jamaika da Indiya da Najeriya wurare ne da Ingilishi suka je suka yi abubuwa. Ɗalibin jami'a bai kamata ya karɓi wannan iyaka hannu bibbiyu ba. Ko cikin 'ya'yan nan, kowane akwai wanda aka tarar a ƙasar. Turawan da aka fara saukewa a Ostireliya a 1788 yawancinsu fursunoni ne, kuma sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta yi watsi da da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita kafin zuwansu. Kanada kuwa har yau lardin Quebec Faransanci yake yi, a 1995 saura ƙiris ya ɓalle.

Ita kanta Ingila ƙasa ce da aka taɓa ci da yaƙi. A 1066 William na Normandi ya haye daga Faransa ya kashe Sarki Harold a Hastings, ya raba ƙasar ga mayaƙansa. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a, Ingilishi na manoma ne da barori. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da shi a kotu. Birtaniyar da muka sani kuwa ɗinke ta aka yi: an haɗiye Wales da dokokin 1536 da 1543, aka haɗe da Sikotlan a 1707, aka jawo Ailan a 1801. Ɗinkin bai gama kamawa ba, don a 2014 kashi 45 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Sikotlan sun zaɓi a raba gari.

A kan Ailan nake so in ɗan tsaya, domin da ni ke tsara manhaja, da ita zan fara kwas ɗin. Nan ne Ingila ta koyi mulkin mallaka, a kan fararen fata Kiristoci maƙwabtanta. Daga 1609 aka ƙwace filayen lardin Ulster aka zaunar da baƙi 'yan Furotesta daga Sikotlan da Ingila. A 1649 Oliver Cromwell, wanda ake yabo da kare majalisa daga zaluncin sarki, ya yi kisan kiyashi a garin Drogheda. Aka bi da dokokin da suka hana 'yan Katolika riƙe muƙami da sayen fili. Daga 1845 cuta ta kama dankalin da talaka ke rayuwa a kansa. Cikin shekaru bakwai kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya yi ƙaura, a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan tara ba, alhali jirage na ci gaba da fita da hatsi da dabbobi daga tashoshinta. Jami'in baitulmalin da aka ɗora wa aikin agaji, Charles Trevelyan, ya yi imani kada gwamnati ta tsoma baki a kasuwa. A Indiya ya fara aiki, kuma ƙanwar Thomas Macaulay yake aure, wanda za mu sake haɗuwa da shi nan gaba kaɗan. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya karanci Ailan ba zai yi mamakin abin da aka yi wa garin Satiru a 1906 ba, ba kuma zai ɗauka launin fata kaɗai ne ya jawo shi ba.

Yanzu bari in ɗauki abu guda da kowa a ɗakin nan ya sani, in bi sawunsa: layin dogon da ya iso Kano a 1911. A aji akan ce an gina shi don kwasar albarkatunmu. Gaskiya ne, amma wace albarka, kuma me ya sa a lokacin? Amsar tana Lancashire da Mississippi.

A tsakiyar ƙarni na 19 masaƙun lardin Lancashire, wato Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita, su ne ƙashin bayan arzikin Birtaniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da suke saƙawa bayi ne ke noma ta a kudancin Amurka. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, jiragen yaƙin Arewa suka toshe tashoshin Kudu. Auduga ta yanke, injuna suka tsaya, dubban ɗaruruwan masaƙa suka koma cin sadaka. Ku duba yadda ƙasa ɗaya ta rabu a kan wannan. A Birkenhead, tsallaken Liverpool, aka ƙera wa masu bayi jirgin yaƙin nan Alabama a 1862. A ƙarshen wannan shekarar kuma ma'aikatan Manchester, da yunwarsu, suka yi taro suka aika wa Abraham Lincoln wasiƙar goyon baya, ya ba su amsa a Janairun 1863. Mutum-mutuminsa yana nan tsaye a birnin. To wanne ne Baturen a cikinsu?

Masu masaƙu ba su manta da wannan wuya ba. Da Amurka ta ƙara yawan audugar da take saƙawa da kanta, ƙwaro kuma ya shiga gonakinta, 'yan kasuwa na ta wasa da farashi, sai suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester a 1902, wadda iyayenmu suka sani da Bisije. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, don tun 1851 Barth ya ba da labarin saƙa da rinin Kano. Suka matsa wa gwamnati lamba, Churchill yana ƙaramin minista a ma'aikatar ƙasashen mallaka, kuma wakilin wata mazaɓa ce ta Manchester a majalisa. A 1907 aka amince da layin Baro zuwa Kano. Aka kafa injinan gurza, aka raba iri, aka zauna jiran auduga.

Sai manomi ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna biyan auduga fiye da yadda Bisije ke biya, don haka me zai kai shi wurin Bature? Gyaɗa kuwa ba ta cin wahala kamar auduga, ta dace da jigawar Kano, in kasuwa ta faɗi a ci abar a gida. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi, suna neman gyaɗa ruwa a jallo. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a cinikin goro na Gwanja, suka shiga ƙauyuka da kuɗi da wakilai. Jirgin da aka kawo don auduga ya tashi da gyaɗa, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita, rabin labarinta yana gonakin Kano, rabi yana wani yaƙi da aka yi a Amurka shekara hamsin kafin nan. Wanda ya san rabi ɗaya kawai zai ɗauka ko Bature ya tsara komai ya samu, ko kuwa abin ya faɗo ne haka nan.

Ɗaliban lauya da na hango a baya, ga naku. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, Fenal Kod, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko shi ne daga na Sudan, bayan shawarar wani kwamitin masana na 1958 da Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat ya shugabanta. Na Sudan daga na Indiya na 1860 aka kwafo shi. Na Indiya kuwa Macaulay ne ya tsara daftarinsa a 1837, mutumin da a 1835 ya ba da shawarar a daina kashe kuɗi kan karatun Larabci da Sanskrit a Indiya a koma Ingilishi. Abin dariyar, ita Ingila har yau ba ta da irin wannan kundi guda na laifuffuka. Masu son gyaran doka sun kasa shawo kan alƙalai da majalisa a gida, sai suka gwada dabararsu a inda ba mai ce musu a'a. Shi ma Gwamna Lugga a Madras aka haife shi a 1858, ya yi soja a Afganistan da Sudan da Bama kafin ya ga Lokoja, kuma mulki ta hannun sarakuna abu ne da aka daɗe ana yi da sarakunan Indiya.

Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka ɗauka a 1979 daga Amurka muka aro shi, ba a ɓoye ba. Amma tarayyar Amurka daga ƙasa ta taso: yankuna 13 ne da kowanne ke da majalisarsa da harajinsa tun kafin 1776, wakilan mafi yawansu suka taru a Philadelphia a 1787 suna ciniki kan abin da za su sallama wa tsakiya. Cikin cinikin har da yarda a ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru. Jihohinmu kuwa daga sama aka yanka su, da dokar soja, farawa da 12 na 1967. Shi ya sa gwamna a can yake tara kuɗinsa, namu yake jiran kason wata. Abin da muka ƙara da kanmu, wato sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, shi ya kai Shagari da Awolowo Kotun Ƙoli a zaɓen farko, kuma a kan ƙuri'un jihar Kano aka yi lissafin sha biyu da biyu bisa uku. Duk mai cewa a koma tsarin firaminista ko a zauna a wannan, ya kamata ya san rigimar da ta haifi kowannensu a gidansa.

To yaya ake karatun? Nan ne jami'a ta bambanta da sakandare. Ingilishi suna da labarin da suke ba kansu: wai tun daga takardar Magna Carta ta 1215 'yanci ke ta ƙaruwa a hankali, ba tashin hankali, har aka iso yau. Ɗaya daga cikinsu, Herbert Butterfield, ya yi wa wannan salo tsirara a 1931. Magna Carta sulhu ne tsakanin Sarki John da manyan hakimansa da suka yi tawaye. Ba a yi wata uku ba Fafaroma ya soke ta, aka koma yaƙi. Mutanen da ake cewa ba sa son tashin hankali sun fille kan sarkinsu Charles na Ɗaya a 1649. A 1819 sojan doki suka afka wa taron masu neman ƙuri'a a Manchester da takubba. Ranar da aka ci Sakkwato a 1903, babu mace ko ɗaya a Birtaniya da ke zaɓen ɗan majalisa, maza ma kusan biyu cikin biyar ba su da ƙuri'a. Mata sun samu a 1918, aka daidaita su da maza a 1928. Kafin mu yi musu dariya, matan Arewa sai a 1979 suka fara zaɓen tarayya.

Batun bauta shi ne inda ɗalibi zai fi koyon sana'ar. An koya wa iyayenmu cewa Birtaniya ta hana cinikin bayi a 1807 ta kuma 'yanta su a 1833 saboda tausayi da tsoron Allah irin na su Wilberforce. Sai wani ɗan Trinidad, Eric Williams, ya je Oxford ɗin kanta ya rubuta kundin digirinsa na uku, ya faɗaɗa shi ya zama littafi a 1944, yana cewa ribar bauta ta taimaka wajen gina masana'antun Ingila, kuma an saki bayi ne da rake ya daina biya. A 1977 Seymour Drescher ya fito da alƙaluma yana cewa a'a, cinikin yana kan ganiyarsa aka hana shi, jama'a ce ta tilasta. Wasu suka ce ku duka kun manta da bayin kansu, irin tawayen da Sam Sharpe ya jagoranta a Jamaika a 1831. Har gobe ana wannan muhawara. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne diyya: fam miliyan 20 gwamnati ta biya, kuma iyayengiji aka ba, bayi ko kwabo. John Gladstone, mahaifin firaministan nan William Gladstone, ya karɓi sama da fam dubu 100 a kan mutum fiye da 2,500. Masana a Kwalejin Jami'a ta Landan sun zuba sunayen waɗanda suka karɓa a intanet, da wayarka za ka duba. Ni dai na fi karkata ga Williams a tambayar da ya yi fiye da amsar da ya bayar. Kuma laifi tudu ne: Ɗorugu da zan ambata nan gaba ba Bature ne ya kama shi ba, bauta kuma ba a haramta ta ƙarshe a Arewa ba sai 1936. Wanda ya shiga kwas ɗin nan don tara abin zagi, da wanda ya shiga don yin sujada, duk hannu rabbana za su fita.

Bari in nuna muku yadda takarda ɗaya take. A ma'adanar takardun Birtaniya da ke Kew, wasiƙun Arewacin Najeriya suna ƙarƙashin lamba CO 446. Ka buɗe kundi, ba wasiƙar gwamna za ka fara gani ba. A samanta akwai fallen da ma'aikatan Landan ke rubuta ra'ayinsu. Ƙaramin akawu ne ke farawa, ya taƙaita zancen, ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Na sama da shi ya ƙara layi uku, wani lokaci da gatse. Haka za ta yi ta hawa, rubutu na ƙara gajarta, in al'amarin babba ne har ta kai ga minista. Sau da yawa ƙarshenta umarni ne cewa a ajiye kawai. A nan za ka ga tambayar da ta fi damunsu: nawa za a kashe, kuma me za a ce in an yi tambaya a majalisa? Lokacin da Lugga ya shirya wa Kano, ma'aikatar ƙasashen mallaka ba ta ji daɗi ba, don bai sanar da ita yadda ya kamata ba, ga shi ba a daɗe da fita daga yaƙin Afirka ta Kudu ba, wanda ya ci sama da fam miliyan 200. Arewa kuma kowace shekara sai baitulmalin Landan ya cika mata kasafi, wannan na cikin manyan dalilan haɗe ta da Kudu a 1914. In ba ka san yadda majalisarsu da baitulmalinsu ke aiki ba, za ka karanta fallen nan ka wuce ba ka ga komai ba. Ka kuma tuna akwai abin da ba a sa a kundin ba. A 2011, da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka kai ƙara, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli na ƙasashen da ta mallaka a Hanslope Park, wasu kuma an ƙone su tun kafin a sauke tuta.

Kada ku ɗauka mu ne farkon masu kallon nasu. Ɗorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi aka sayar har Kukawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Tambutu, ya isa Landan a 1855. Ya zauna da wani limamin kirista, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, har da yadda ya ga Ingilishi na zama a teburin cin abinci, da idon baƙo mai lura da al'adun wata kabila. A Kano ya ƙare, yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa a Nasarawa. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, ɗan Kukawa ne. Bauta ta kai shi Tarabulus da Santambul da Rasha, ya ƙarasa Amurka, ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts a 1863, cikin yaƙin nan da ya tsayar da masaƙun Lancashire, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921, ya sake komawa ba sau ɗaya ba. Abubakar Imam ya je a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga a tsufansa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Moses Ochonu ya tattara irin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa na 2022. Waɗannan su ne magabatan kwas ɗin a wurinmu, da su ya kamata a buɗe makon farko.

Saura abin da za a iya yi da ɗan abin da ke hannunmu. Na san laburarenmu, na san kuɗin jirgi zuwa Landan. Amma muhawarorin majalisar Birtaniya na fiye da shekara 200 suna intanet kyauta. Nemi Kano ko Sakkwato a zaman 1903 ka ga wanda ya tashi ya yi tambaya da amsar da aka ba shi. Shari'o'in kotun Old Bailey daga 1674 zuwa 1913 suna nan, inda za ka ga talakan Landan da aka yanke wa hukuncin rataya ko aka kora Ostireliya a kan satar ƙaramin abu. Rumbun bayanan jiragen bayi, wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi da aka loda daga Afirka, shi ma a buɗe yake. Sai dai Ingilishin waɗannan takardu ba na jarida ba ne, dole a zauna a koye shi yadda ake koyon Larabcin Infaƙul Maisuri, da ƙamus da haƙuri.

Ga 'yan aji huɗu masu neman abin rubuta kundi, ma'adanar Kaduna cike take da rahotannin Razdan da Di'o kan auduga da gyaɗa da haraji. Ɗauki gunduma ɗaya, Funtuwa ko Gusau, shekara goma. Karanta abin da Di'o ya rubuta, ka nemi abin da ake faɗa a majalisa da kasuwar Liverpool a waɗannan shekarun, sannan ka je ka zauna da tsofaffin garin ka ji abin da iyayensu suka gaya musu. Ga sashenmu kuwa, roƙona biyu ne: a daina ba da kwas ɗin nan ga duk malamin da ya rage bayan an gama rabo, kuma a sa Ailan da Indiya da Jamaika a cikinsa.

Shugaba, na ga ka duba agogo. Akwai sauran lokacin tambayoyi, kuma na fi son ɗalibai su fara kafin malamai.